Malam Uzairu Dalhatu, Mai Ɗakin Jiya da Yau

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Uzairu Dalhatu a garin Rano, a wani gida da ke jingine da tsohuwar ganuwa, cikin daminar shekarar 1950 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1369 bayan Hijira. Mahaifinsa, Malam Dalhatu, masaƙi ne da ya gaji saƙa kaka da kakanni, yana kuma noman gero da dawa da gyaɗa kamar kowane magidanci a ƙasar. Mahaifiyarsa, Nana Khadija, mutuniyar Kibiya ce, ta yi suna wajen kaɗi har matan unguwa kan ce zarenta ba ya tsinkewa sai da gangan. Shi ne na huɗu a wurin iyayensa, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

Tun yana ƙarami aka san shi da shegiyar tambaya. Ba ya ganin abu ya wuce: sai ya ji wa ya sassaƙa shi, da wane icce, kuma me ya sa bakinsa ya karkace. Yana ɗan shekara bakwai kurkunu ya kama shi a ƙafar dama saboda ruwan kududdufin da gari ke sha, ya kwantar da shi damina guda, ya bar masa tabon da ya je kabari da shi.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren wani maƙwabcinsu, ya yi sauka kafin ya balaga, ya ɗora da ƙananan littattafan fiƙihu, waɗanda suka dasa masa tsananin tsoron haƙƙin mutane har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar 1958 aka sa shi firamare a Rano, ba da son mahaifinsa ba, domin shi masaƙi yake so ya bari a bayansa. A 1965 ya wuce kwalejin horon malamai, ya fito a 1970 da shaidar malanta mai daraja ta biyu, da yabo na musamman a fannin tarihi.

Fara Aiki da Aure

A farkon shekarar 1971 hukumar ilimi ta tura shi Durba, inda ya koyar shekara takwas yana zirga-zirga a kan keke. A can ne ya ga Fatima Zahra'u, 'yar wani manomin garin, aka ɗaura musu aure a 1974, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har mutuwa ta raba. Mace ce mai tsafta da son sarari a tsakar gida, sai Allah Ya haɗa ta da mijin da ba ya iya yar da ko fasasshen ludayi. Wannan ne kaɗai abin da aka taɓa jin suna sa-in-sa a kansa.

Allah Ya azurta su da Mukhtar a 1976, da Jabiru a 1979, wato shekarar da aka mayar da shi Kahu, inda ya saba ƙwarai da Fulanin da ke zaune a gefen garin har ya tsinci Fillanci na gaisuwa da ciniki. Maijidda ta zo a 1983, Adnan a 1987, sai auta Mufida a 1991. A 1988 aka ɗaga shi zuwa shugaban makaranta a Kibiya. Mahaifinsa ya rasu a 1990, mahaifiyarsa ta bi shi bayan shekara biyu, aka naɗe masaƙar gidan aka jefa bisa rufin rumbu, domin a lokacin yadin kanti ya riga ya kashe kasuwar saƙi.

Yadda Tara Kayan Ya Samo Asali

A shekarar 1994, wata rana malamin aji shida bai zo ba, Malam Uzairu ya shiga ya riƙe masa aji. Darasin a kan sana'o'in gargajiya ne, ya kuwa yi sa'a ƙoshiyar saƙar mahaifinsa tana cikin jakarsa, wato ɗan iccen nan mai rami da masaƙi ke jefawa da zare tsakanin hannayensa. Ya ɗaga ta sama ya tambayi yara sunanta. Wani ya ce abin wasan yara ne, wata ta ce ma'aunin gishiri ne, aka fashe da dariya. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne wanda ya ce abin wasa ne, jikan masaƙi ne, kuma Malam Uzairu ya san kakan nasa ido da ido. Ya koma gida Rano ransa a jagule, bai ko zauna ba ya sa tsani ya sauko da masaƙar, ya tarar gara ta fara yi mata aiki.

Daga nan ya ɗaura niyyar tattara kayan da mutanen Rano da Kibiya suka rayu da su kafin su ƙare a murhu. Amma da ya fita nema sai ya ci karo da bango. A ƙasar nan mutum ba ya sayar da akushin ubansa, abin kunya ne a ce talauci ya kai shi ga haka. Ba ya kuma kyautar da shi, domin sau da yawa ba nasa ne shi kaɗai ba, na 'yan'uwa ne gaba ɗaya, ko da kuwa kaji ke kwana a ciki. Ya shekara yana yawo, bai samo komai ba sai wani tsohon faifai da buta mai yoyo.

Dabarar da ta buɗe masa ƙofa ta zo masa ne a Kibiya, a maƙerar wani dattijo mai suna Kawu Ramalan. Ya ga tsohon zugazugin fata a rataye, maƙerin ya koma amfani da na ƙarfe mai juyawa. Ya nemi saye aka hana shi, sai ya ce to a ara masa yara su gani. Nan take Kawu Ramalan ya sauko da shi ya kaɗe ƙura ya miƙa masa, har da ba shi haƙurin ɗinkin da ya farke. Ashe abin da ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ana ara shi, domin wa zai hana maƙwabci aro? Malam Uzairu ya hau babur yana dariya shi kaɗai har Rano.

Abin nema ya samu. Tun daga ranar, kalmarsa guda ce a kowane zaure: a ara masa yara su gani. Da ita ya samo tulu da randa, da dutsen niƙa daga Durba wanda sai da aka ɗauko shi a amalanke, da mangalar jaki, da fitilar aci-balbal, da adudun da wata tsohuwa ta zo da shi gidan miji tun kafin a haife shi. A Kahu, wata Bafulatana mai suna Halimatu Sa'adiya, wadda ya koyar da 'ya'yanta, ta ara masa ƙwaryar nonon mahaifiyarta, mai zane tun daga baki har gindi, abin da ko 'yarta ba ta yarda ta taɓa. Bai taɓa rubuta na wane ne wannan ba, duk a kansa suke. Fatima Zahra'u kuwa ta gaji da magana, ta ce ita dai kada a kawo mata kunama ɗaki.

Buɗe Ɗakin Jiya da Yau

Ya yi ritaya a shekarar 2006, bayan shekara talatin da biyar yana aiki, ya zauna dindindin a gidan mahaifinsa a Rano, ya gyara babban zauren gidan da soron da ke bayansa, ya yi musu daɓe da farar ƙasa. A nan ne hikimarsa ta bayyana. Bai jibge kayan kamar rumfar 'yan gwangwan ba. Ya raba zauren biyu, dama ya kira ta Jiya, hagu ya kira ta Yau, kowane tsohon abu kuma ya sa magajinsa yana fuskantarsa. Tulu yana kallon jarka, akushi yana kallon kular roba, mangala tana kallon tayar adaidaita sahu, aci-balbal tana kallon fitilar caji. Gangar da ake shela da ita a da, ya ajiye mata matacciyar wayar salula. Kayan hagu duk shi ya saye su a kasuwar Rano, wasu ma tsinto su ya yi. An buɗe ɗakin bayan Babbar Sallah ta 2007, limamin unguwa, Malam Muntari, ya yi addu'a.

Da farko 'yan majalisar bakin kasuwa sun yi masa ba'a, suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba su san mutumin ba. Malam Uzairu ba ya cikin masu cewa zamanin da komai zuma ne. In yara suka fara sha'awar tulu, sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna musu tabon kurkunu, ya ce ga abin da ruwan tulun nan ya yi masa, su gode wa Allah da fanfon burtsatse. Yakan sa 'yan mata su durƙusa su niƙa tafin dawa guda a kan dutse, kafin su gama sun yi gumi, sai ya tambaye su ko har yanzu suna ƙorafin a aike su inji. Amma in ya juya hagu, sai ya ɗaga kular roba da ta tsage tun ba ta shekara ba, ya ƙwanƙwasa akushin da ya ci tuwon mutum uku, kaka da ɗa da jika, ya bar su su yanke hukunci da kansu.

Kafin a ce haka, labari ya gama ƙasar. Makarantu daga Rano da Kibiya da Durba suka riƙa kawo yara aji-aji, ranar kasuwa kuwa sai an yi layi a ƙofa. Tsofaffi sun fi yara ɗoki. Mutum zai jawo jikansa da hannu ya nuna masa garmar ubansa, ya tsaya yana ba da labari har a kira sallah. An sha ganin dattijuwa ta shigo da dariya ta fita tana share ido da gefen mayafi. 'Yan majalisar da suka yi masa ba'a, da ƙafarsu suka zo daga baya, ɗayansu ma da burgamin kakansa, wato jakar fata, a hammata, yana roƙon a karɓa aro. Malam Uzairu bai taɓa karɓar ko sisi a ƙofa ba, kuma duk wanda ya gan shi a shekarun nan, ya ga mutumin da farin ciki ya mayar yaro. Daga 2012 'yarsa Maijidda, wadda take aure a nan cikin gari tana kuma koyarwa, ta zama mataimakiyarsa, ita ke zagayawa da mata.

Al'amarin Zugazugi

A shekarar 2022 Kawu Ramalan maƙeri ya rasu a Kibiya. Da aka zo rabon gado, malamin da ke rabon ya tambaya, kamar yadda shari'a ta tanada, ko mamacin yana da wani abu a hannun wani. Wani daga cikin 'ya'yan ya ce, cikin raha, akwai zugazuginsa a wurin Malam Uzairu na Rano. Aka yi dariya, domin fatar ta bushe, ko kyauta ba mai ɗauka. Amma malamin ya ce haƙƙi haƙƙi ne, kuma akwai marayu ƙanana a cikin magada, a aika a karɓo.

Malam Uzairu ya bayar da shi nan take, da hannu biyu. Bayan ɗan aiken ya tafi, ya tsaya a tsakiyar zaure ya dubi ɓangaren dama. Ban da masaƙar mahaifinsa da mazarin mahaifiyarsa, babu abu guda a wurin da yake nasa. Shekara kusan talatin yana cewa a ara masa, kuma da yawa daga masu ba da aron sun riga mu gidan gaskiya, kayan sun zama na magadansu. Ga shi hawan jini ya fara taɓa shi. Ya tafi wurin Malam Muntari, liman ya gaya masa gaskiya: aro amana ne, in mutum ya mutu da shi a hannu yana wuyansa, kuma 'ya'yansa ba su da ikon riƙewa. Mafita biyu ce, ko ya mayar, ko masu kayan su bar wa ɗakin da bakinsu.

Kowa ya ji wannan zai ce ai abin mai sauƙi ne, ya bi su ya tambaya. Haka Maijidda ta ce, haka mahaifiyarta ta ce, ita da ta yi shekara da shekaru tana fatan a kwashe tarkacen. Amma Malam Uzairu ya kafe, kuma taurin kansa sananne ne. Hujjarsa ita ce ya san mutanensa: babu wanda zai dubi tsabar idon tsohon malamin 'ya'yansa ya ce masa a'a, kowa zai ce ya bar masa ko da zuciyarsa ba ta so, malamai kuwa sun ce abin da aka karɓa da takobin kunya bai halatta ba. Da Maijidda ta matsa masa har da kuka, tana cewa aikin rayuwarsa ne zai rushe da hannunsa, sai ya ce mata:

"Na fi son ɗakin nan a kan idona, Maijidda. Amma ba zan tashi gaban Allah da ƙwaryar mutane a kaina ba."

Ya kuma hana ta gaya wa kowa dalili, domin a ganinsa faɗin dalilin ma roƙo ne ta bayan gida.

Mayar da Amana

Daga farkon 2023 ya fara. Yakan ɗauki shatar adaidaita sahu, ya naɗe kaya a tsumma, ya bi gida-gida a Rano, sannan Kibiya da Durba da Kahu. In ya isa sai ya yi sallama, a gaisa, ya ajiye abu ya ce ga aron da aka ba shi, ya gode, Allah Ya saka da alheri. Abin takaici, kunyar da ta hana shi tambaya ita ta hana su. Ba wanda ya iya cewa, Malam, lafiya? Wasu suka ɗauka 'ya'yansa ne ke son zauren su yi kanti, wasu suka zaci wani laifi suka yi masa, suka kwana suna bincikar kansu. Halimatu Sa'adiya, da fulakonta, wato kunyar nan ta Fulani, ko ɗaga ido ba ta yi ba. Ta karɓi ƙwaryar ta shige bukka da ita, ta aiko masa da nono a kwanon roba, ya sha ya tafi. Kowa ya yi wa kowa kara, ɗaki kuwa yana ta zama kango.

Zuwa ƙarshen shekarar, ɓangaren Jiya ya koma masaƙa da mazari da shatin wuraren da kaya suka zauna a jikin bango. Jarkoki da robobin hagu suna nan reras, ba abin da suke kallo. Makarantu suka daina zuwa. Duk da haka kullum da safe sai ya sa an buɗe ƙofa an share, ya zauna a kan buzunsa a tsakiya. Iyalinsa sun shaida cewa hankalinsa ya kwanta a kan amana, yana yawan hamdala, amma baƙin cikin ɗakin bai ɓoyu ba, kuma dariyar nan tasa ba a sake jin ta ba.

Rasuwa da Jana'iza

Ciwo ya tsananta masa a farkon daminar 2024, aka kwantar da shi a asibiti a Rano, daga baya ya nemi a mayar da shi gida. Allah Ya karɓi ransa da hantsin wata Talata cikin watan Yuli, daidai da Muharram 1446, yana da shekara saba'in da huɗu, yana kuma da yaƙinin cewa Ɗakin Jiya da Yau ya mutu kafin shi. Malam Muntari ya sallace shi a ƙofar gida bayan azahar, a gaban jama'ar da layi bai ɗauke su ba, mafi yawansu ɗalibansa ne na Durba da Kahu da Kibiya, wasu da furfura. Aka kai shi makwancinsa a maƙabartar bayan ganuwa, kusa da mahaifinsa.

A zaman makoki, wata tsohuwa daga Durba ta kasa daurewa, ta tambayi Maijidda laifin da suka yi wa Malam har ya mayar musu da dutsen niƙa. Maijidda ta ga wanda ya hana ta magana ya tafi, sai ta fashe da kuka ta faɗi komai. Tsakar gida ta ɗauki salati. Kafin magariba maganar ta kai Kahu.

Ranar sadakar uku, ana tsaka da karɓar gaisuwa, sai ga Halimatu Sa'adiya, tsohuwa tukuf, ta ratso caɓin damina da ƙwaryar nan mai zane a kanta, cike da fura da nono, kamar yadda maƙwabta ke kawo abinci gidan rasuwa. Aka juye, Maijidda ta wanke ƙwaryar ta kawo mata bisa al'ada. Tsohuwar ta ƙi miƙa hannu. Matar da ba a taɓa jin muryarta a gaban maza ba, ta ce a kira mata liman bakin ƙofa. Da ya zo ta ce:

"Malam, ka shaida, ba wanda ya roƙe ni. Na bar wa ɗakin nan ita har abada. Da ya tambaye ni, wallahi tun ranar farko na bar masa."

Wannan ya buɗe hanya. Akushi ya dawo da tuwo a ciki, tulu ya dawo a bayan babur, dutsen niƙa ya sake hawa amalanke daga Durba, magadan Kawu Ramalan suka yi shawara manyansu suka fanshi rabon ƙananan, suka kawo zugazugi. Kowa sai ya tsaya gaban Malam Muntari ya furta waƙafi da bakinsa, har liman ya ce shi kam a ba shi kujera a zauren. Ba duka suka dawo ba: mangala ta ruɓe a wani turke da ruwan sama, adudu kuma magada sun riga sun sayar wa wani dillali daga birni. Amma kafin sadakar arba'in ɓangaren dama ya cika har ya fi da, aka sake buɗe ɗakin, yaran makaranta suka yi layi har bakin titi. Mutumin da ya fi kowa cancantar ganin wannan rana bai gan ta ba.

Iyalan da Ya Bari

Malam Uzairu Dalhatu ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Fatima Zahra'u, wadda bayan ta fita takaba ta ce ba wanda zai riƙa share zauren sai ita, da 'ya'ya biyar da jikoki da dama. 'Ya'yan su ne: Mukhtar, manomi kuma mai sayar da taki a Rano, Jabiru, ma'aikacin lafiya a Kibiya, Adnan, makanikin babura, Mufida, tana aure a Durba, sai Malama Maijidda, wadda makullin ɗakin ke hannunta, kuma har yau ko ludayi aka kawo mata ba ta karɓa sai an faɗa a gaban shaidu cewa ba aro ba ne.

Allah Ya jiƙan Malam Uzairu, Ya haskaka kabarinsa, Ya tashe shi a cikin masu cika amana.